Littafi Ko Waya: Ina Za a Rubuta Tsofaffin Kuɗin Gida?

Gidaje da dama a cikin birnin Zariya suna da tarin tsofaffin kuɗi, ko da masu gidan ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A ƙasan adakar tsohuwa a Kwarbai ko Limancin Kona akan tarar da anini mai huda ƙulle cikin tsumma, da 'yan sulalla, da fam ɗin da ba a kai banki ba lokacin canji, wani sa'in har da ƙullin wuri. Akwai kuma masu tarawa da gangan, suna bin 'yan koli da maƙeran farfaru, suna saye suna musaya. Ko wanne ne, ranar da kayan suka fi ƙarfin hadda dole a rubuta su. Dattawa sukan ce a sayi littafi mai kauri a ja layi. Samari kuwa sukan ce waya ta wadatar, a ɗauki hoto a zuba bayani a jadawalin Excel.

Sai an san yawan abin da za a rubuta kafin a gane nauyin aikin. Turawa sun kama Zariya a 1902, a 1907 kuma aka fara buga anini da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, daga 1920 aka bar azurfar aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa kuɗin a 1959, cikinsu har da taro mai gefe goma sha biyu ɗauke da hoton auduga, amfanin gonar da ƙasar Zazzau ta yi suna a kansa. An canza takardun kuɗi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairun 1973, an sauya launi a Afrilun 1984, an cire ajami daga ƙananan takardu a 2007, an sake fasalin manya uku a ƙarshen 2022. Kowane canji ya bar saura a hannun mutane.

A wajen tantance irin waɗannan, waya ta yi wa littafi nisa, kuma ba na jin akwai mai gardama ta gaskiya a kai. Kwabo biyu na shekara ɗaya na iya bambanta da ɗan harafi wanda da ƙyar ido ke gani: H na nufin masana'antar Heaton ce ta buga shi a Bamingam ta Ingila, KN kuma ta King's Norton. Tsoho mai raunin gani zai wuce harafin, amma hoton waya in an buɗa shi sai ya fito ɓaro-ɓaro. Haka kwabon 1936: akwai mai sunan Sarki Joji na Biyar, akwai mai sunan Edwad na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta bai cika shekara ba. Takardun naira na da ma ba su ɗauke da shekara. Murtala ta naira ashirin da ta fito a Fabrairun 1977 da wadda ta biyo bayan canjin 1984 fuska ɗaya ce, launi da sa hannun gwamnan banki ne ke raba su. Wanda ya san Adamu Ciroma ya riƙe bankin daga 1975 zuwa 1977, Abdulƙadir Ahmed kuma daga 1982 zuwa 1993, zai iya sanya takarda a zamaninta in ya ga sa hannun. Alƙalami ba zai kwaikwayi sa hannu ba, hoto kuwa nan take ya kama shi, haɗe da lambar takardar da duk wata yagewa ko tabon manja da ke jikinta. Ga sauƙin nema, ga tura hoto ta WhatsApp ga wanda ya fi ka sani a Kano ko Legas.

To amma a ɗauki liyari, kuɗin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Bature Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza shi a kan wuri 2,500. Matsalar liyari ita ce kusan duk wanda ka ɗauka 1780 ne rubuce a jikinsa, domin bayan rasuwar sarauniyar a wannan shekara an ci gaba da buga shi da shekarar nan, har cikin ƙarni na ashirin, a Biyana da Landan da Roma da Bombai. Hoto zai nuna maka 1780 ya yi shiru. Ba zai gaya maka cewa wannan liyarin yana cikin kayan auren kakar babanka ba, ko cewa wancan an karɓo shi daga hannun maƙeri ana gab da narka shi a yi zobe. Wuri kuwa ko rubutu babu a jikinsa. Ƙullin da aka tono a kangon gida kusa da Ƙofar Gayan da wanda aka sayo jiya wajen mai kayan ado, a hoto duk ɗaya suke. Abin da ya raba su shi ne asali, kuma asali a bakin mutane yake, mutanen da suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Za a ce ai ana iya rubuta asalin a waya. Ana iyawa, sai dai da wuya a ga an yi. Mai waya yakan ɗauki hoto ya ce sai an jima zai cika bayani. Littafi kuwa yana zaunar da mutum. Ka shimfiɗa tabarma a zaure, ka ɗauko kwabo ɗaya, ka ce, "Inna, wannan daga ina?" Ta ba ka labari, ka rubuta shi yadda ta faɗa, har da sunan unguwa da zamanin sarkin da abin ya faru. Wannan ba baƙon abu ba ne a birnin malamai. Masu kwafar littattafai da hannu sun saba rufe aikinsu da sunansu da na mai littafin, shi ya sa har yau ake gane hannun da wasu tsofaffin takardun cikin gafaka suka bi.

Littafi yana da nasa abokan gaba, kuma mazaunin gidan ƙasa ya san su: gara, ɗigar soro a watan Agusta, ɓera, da tawadar biro mai dusashewa. Kwafi ɗaya ne, in ya tafi ya tafi. Idan tarin ya kai ɗaruruwa, neman abu guda a cikinsa wahala ce.

Duk da haka, haɗarin waya ya fi tayar mini da hankali, domin ba ya ba da sanarwa. Gara takan bar alama a bango kafin ta isa adaka. Waya kuwa a fizge ta a kasuwa, ko ta faɗa ruwa, ko mai gyara ya goge ta, shi ke nan. Wanda ya ajiye bayanansa a intanet ya tsira daga wannan, amma bai tsira daga babbar matsalar ba: ranar da Allah ya karɓi ransa, lambar sirrin ta bi shi. Magada su zo rabon gado su tarar da gwangwani cike da ƙarafa, ba su san na gado ba, ba su san na saye ba, ba su san amanar da wani ya ba shi ajiya ba. A irin wannan hali ne ake auna azurfa a sayar wa maƙeri da nauyinta. Littafin da ke kwance cikin adaka ɗaya da kuɗin, duk ɗan da ya iya karatu zai buɗe shi, malamin da ke rabon gado ma zai iya dogara da shi. Akwai kuma batun tsaro: hoton da ya shiga zauren WhatsApp ba ka san idon da zai kai gare shi ba.

Saboda haka a ganina littafi ne uwa, waya 'yar rakiya. A ba kowane kuɗi lamba, a sa shi cikin ƙaramar ambulan ta takarda, a rubuta lambar a bayan ambulan ɗin, kada a taɓa yin rubutu a jikin takardar kuɗi ko a ɗaure ta da roba. A littafi a sa lamba, da sunan kuɗin yadda Bahaushe ke kiransa, da shekara, da ƙarfensa, da halin da yake ciki, sannan a bar fili mai faɗi na asali. Kada a goge tsatsa da toka ko tsamiya don a ga ya yi kyau a hoto, gogewar tana rage masa daraja. Sai a ɗauki hoton gaba da baya, a sa wa hoton lambar da ke littafin. In shafi ya cika, shi ma a ɗauke shi hoto a tura wa wani ɗan'uwa amintacce da ke zaune a wani gida dabam.