Daga tabarma zuwa teburin ƙarfe a ƙasar Tagris

A ƙasar Tagris, cikin gundumar Dakoro, tabarma ce biron farko. Sarki yana zaune bisa shimfiɗa, masu ƙara suna gabansa, kowa a ƙasa. Abin da aka yanke, shaidu ke riƙe shi a ka.

Da Turawan Faransa suka kafa bariki a Dakoro a shekarar 1947, sai mutanen karkara suka haɗu da teburi da kujera da keken rubutu. Teburin nan ya canza zama. Ma'aikaci yana zaune a bayansa, talaka yana tsaye a gabansa da hula a hannu.

A wannan zamani masu ƙera kayan biro a Faransa sun koma ga ƙarfe. Wani gwaninsu, Jean Prouvé, ya aiko Yamai da gida sukutum na ƙarfe da alminiyon a 1949, aka haɗa shi gunduwa-gunduwa. A shekarar 2000 aka kwance shi aka mai da shi Faransa. Ɗan'uwansa na Barazabil an sayar da shi a Amurka a 2007 kusan dala miliyan 5. Mu kuwa da tsohon ƙarfe muka ɗauke shi!

Amma a nan ba don ado ƙarfe ya samu karɓuwa ba. Gara ce dalili. Tana cin katako, tana cin takarda, ba ta san hatimin gwamnati ba. Ga ƙurar hunturu, ga yoyon damina. Littafin rajistar haihuwa da aka bari bisa allon katako, jingine da bangon ƙasa, yana iya zama gari kafin shekara ta zagayo. Ranar da yaro zai yi jarrabawa, ko magidanci zai nemi katin ɗan ƙasa, a ranar ake gane asarar, sai a kama hanyar gidan alƙali da shaidu.

Tagris ta zama ƙaramar hukuma a 2002, aka zaɓi kansiloli na farko a 2004. Aikin da a da ake tafiya Dakoro dominsa ya matso kusa da gida. Kwamfuta ta kori keken rubutu daga birori da yawa, amma tana bukatar wuta, tana tsoron ƙura. Har yanzu littafin rajista da hannu ake sa masa hannu, kuma akwatin ƙarfe mai makulli ne makwancinsa.