Yadda Za A Gyara Jirgin Katako Da Ya Lanƙwashe A Kan Tirela

'Yan'uwa mazauna bakin Binuwai da Kwara, jirgin katako shi ne motarmu zuwa gona, kasuwa da asibiti. Amma ba kullum ne ruwa yake lalata shi ba. Sau da dama a tudu yake samun rauni, sa'ad da muka ɗora shi a kan tirela ko amalanke za mu kai shi wani gulbi.

A cikin ruwa, ko'ina a jikin jirgi yana da abin da yake tallafe shi. A kan tirela kuwa, in an aza shi bisa gungume biyu kawai, dukan nauyinsa a wuraren nan biyu zai taru. In gungumen ya faɗo tsakanin haƙarƙari biyu, wato katakan nan da suka gitta a ciki, sai ya danna katakon ƙasa ya lotsa ko ya tsage. In bayan jirgin ya zarce tirelar yana reto, ga inji a maƙale, kowane rami a hanya kamar bugun guduma ne. Ruwan saman da muka bari a ciki ma kaya ne: nauyin lita 1 kilo 1 ne, ruwan jarka 10 masu lita 20 kuwa kilo 200 ke nan.

Kada mu fara gyara da liƙe tsaga. Wannan ne kuskuren da muka fi yi, domin kwalta tana ɓoye ciwo ne kawai. Mu sauke jirgin a inuwa, a wuri mai daidai, mu tallafe shi daga kai har gindi. Sai mu ja igiya a ƙarƙashinsa daga wannan baki zuwa wancan, za ta nuna inda ya lanƙwashe. A riƙa jiƙa wurin da jiƙaƙƙen buhu, a aza masa buhunan yashi kaɗan-kaɗan. Aikin yakan ɗauki makonni. Katakon da aka matsa masa a rana ɗaya karyewa yake yi.

Bayan ya miƙe, kafinta ya duba haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsage, a kafa masa sabo a gefensa, ya zarce tsagar ta kowane ɓangare. Busasshen maɗaci ya dace da wannan aiki. Katakon da ya karye a gicciye, a cire shi, kada a yi masa faci. Ƙusoshin da suka yi lako-lako ko tsatsa, a sake su da waɗanda ba sa saurin tsatsa, ko da sun fi tsada.

Sai yanzu za a cusa auduga a mahaɗar katako a bi da kwalta. Amma a yi hankali: busasshen katako yana kumbura in ya sha ruwa, in an cusa audugar da ƙarfi tana iya ture ƙusa.

Kafin mutum ya shiga, jirgin ya kwana biyu ko uku a ruwa marar zurfi, sa'an nan a gwada shi da buhunan yashi a ga ko yana yoyo.

Ran da za mu sake ɗora shi, a kwashe ruwan ciki, a cire inji, a jera gungume da yawa daidai ƙarƙashin haƙarƙari, a shimfiɗa musu tsofaffin tayoyi. Igiya ta riƙe shi kada ya motsa, amma kada ta matse bakinsa.