Bayani a Kan Ceton Rubutun Kwamfuta Bayan Guguwa da Ambaliya

Ku sani, ya ku malamai da 'yan kasuwa, a zamanin nan dukiyar mutane da yawa ba a cikin adaka kaɗai take ba, tana cikin rubutu. Attajiri ya zuba lissafin bashi da sunayen abokan cinikinsa a cikin kwamfuta ko wayar hannu. Malami kuma ya ɗauki hoton littattafan da ya gada, ya ajiye a can. To, kadan hadari ya taso, aradu ta faɗi, ko ruwa ya ci gida, sai tambaya ta zo: shin rubutun nan ya tafi ke nan, ko akwai hanyar komo da shi? Amsar tana cikin labarin waɗansu birane da wannan masifa ta auka wa, da abin da masana suka koya daga gare ta.

Fasali na farko: abin da ya auku

Ran 29 ga Agusta 2005 wata babbar guguwa da aka sa wa suna Katrina ta faɗa wa kudancin Amurka. Ganuwar da ke tare ruwa daga birnin Niyu Olins ta fashe a wurare da dama, har ruwa ya rufe wajen kashi 80 cikin 100 na birnin. Likitocin da suka ajiye labarin majinyatansu a takarda kaɗai, da yawa cikinsu suka rasa shi. Amma asibitin tsofaffin soja na birnin, da yake labarin majinyatansa a kwamfuta yake, aka kai kwafinsa birnin Hiyustan, inda ruwan bai kai ba. Cikin 'yan kwanaki sai ga likitoci a wasu garuruwa suna karanta cutar kowane majinyaci da maganin da yake sha, alhali asibitinsa na asali yana rufe.

Bayan shekara 7, ran 29 ga Oktoba 2012, wata guguwa mai suna Sandy ta koro ruwan teku cikin birnin Niyu Yok. A bakin tsibirin Manhatan ta kudu ruwa ya hau kusan ƙafa 14, wutar lantarki ta ɗauke, babbar kasuwar hannun jari ta yi kwana 2 a rufe, abin da iska ko ruwa ba su jawo ba tun 1888. A wannan unguwa akwai gidajen da ake tara kwamfutoci masu ɗimbin yawa, masu riƙe wa jama'a rubutunsu. Sun yi tanadin injin wuta, amma tankunan mai da famfon da ke tura shi sama suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa, can kuwa ruwa ya fara cikawa. Gidan Datagram ya mutu, jaridun intanet irin su Huffington Post da BuzzFeed suka yi shiru na wani lokaci. A gidan Peer 1 kuwa mutane suka yi ta hawa da man dizal a bokiti har bene na 17, dare da rana, don kada injin ya tsaya.

Har wa yau, ran 13 ga Agusta 2015, aradu ta faɗa sau 4 a jere kan wayoyin da ke kai wuta wani babban gidan ajiya na Google a ƙasar Beljiyam. Masu gidan suka komo da kusan dukan abin da ya taɓu, amma wani ɗan kaɗan na rubutun da aka yi daf da lokacin ya ɓace har abada. Kadan wannan ya sami mai dukiya da ma'aikata irin Google, ina ga ɗan tireda? Kuma ba labarin nesa ba ne kawai. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ruwa ya shiga unguwannin Maiduguri da kasuwanninta. Ruwa kuwa ba ya bambanta buhun hatsi da na'urar da aka rubuta lissafin buhun a cikinta.

Fasali na biyu: inda rubutun yake kwance

Almajiri ya san ruwa yana wanke tawada daga allo. Rubutun kwamfuta ba haka yake ba. A cikin rumbun ajiyarta irin na da, wanda har yanzu yana da yawa a hannun mutane, akwai fayafai na ƙarfe ko na gilashi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai wani ɗan hannu mai kai kamar bakin allura da ke rubutu da karatu a kansu. Ya yi kama da garmaho, sai dai allurar garmaho tana taɓa faifai, wannan kuwa shawagi take yi a bisansa, tsakaninsu tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Ruwa ba ya goge rubutun maganaɗisu. Abin da ke halaka shi laka ce da gishirin da ruwa ya bari. Kadan suka bushe a kan faifai, aka kunna, allura ta yi karo da su, sai ta kankare fuskar faifan, rubutun ya zama gari. Abin da aka kankare kuwa babu gwanin da ke iya komo da shi.

Aradu ita kuma yawanci farantin lantarki da ke bayan rumbun take ƙonawa, ta bar fayafan lafiya. Ɗaukewar wuta farat ɗaya kuwa takan lalata fihirisa ne, watau jerin da ke nuna inda kowane rubutu yake. Misalinsa littafin warƙa-warƙa da ba a ɗinke ba, iska ta watsa shi: takardun suna nan, jerinsu ne ya rikice. Saboda haka kadan kwamfuta ta ce rumbu babu kome a ciki, ko ta nemi a share shi a sake shiri, kada a yarda.

Wayar hannu da katin memori da filash ba su da faifai mai juyawa, a cikin ɗan guntun sinadari suke riƙe rubutu. Abokan gabarsu su ne wuta a kan jiƙa, da tsatsar da ke biyo baya. Wayoyin zamani kuma a kulle suke rubuta abin da ke cikinsu, har in an ciro guntun an sa a wata na'ura ba zai karantu ba, sai dai a farfaɗo da wayar kanta.

Fasali na uku: abin yi ranar da abin ya auku

Masu iya magana sun ce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na farko, kada a kunna na'urar da ta sha ruwa don a ga ko tana aiki, kada kuma a sa ta a caji. A zare waya daga bango, a cire batir in yana ciruwa. Na biyu, rumbun mai faifai kada a shanya shi a rana ko a gasa shi kusa da wuta, kada a girgiza shi, kada a kwance shi a gida, gama ƙura ɗaya ta isa ta yi ɓarna. Masu wannan sana'a sun fi son a kawo musu shi da danshinsa a cikin leda a ɗaure, domin lakar da ba ta bushe ba ta fi sauƙin wankewa. Na uku, tura waya cikin shinkafa ba magani ba ne, har kamfanin Apple ya gargaɗi masu wayoyinsa a kan haka. A kai ta ga mai gyara da wuri, kafin tsatsa ta kama. A faɗa masa sarai cewa rubutun ake nema kafin na'urar, domin wani mai gyaran share kome zai yi don waya ta tashi.

Gwanayen ceto suna buɗe rumbu ne a ɗakin da aka tace iskarsa. Su wanke fayafai, su ciro allura da faranti daga wani rumbu irinsa su musanya, sa'an nan su kwafe dukan abin da ke ciki gaɓa-gaɓa zuwa sabon rumbu. A kan kwafin suke aiki, ba su ƙara wahalar da na asali. Aikin yana da tsada, wani lokaci ya fi kuɗin sabuwar kwamfuta, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Fasali na huɗu: maganin da ya fi duka

Kowa ya duba labaran nan zai ga waɗanda suka tsira da sauƙi ba su ne masu ƙarfin gini ba, su ne masu kwafi a wani gari. Wannan kuwa ba baƙon ilmi ba ne ga malamai. Littattafan magabata ba don ƙarfin gafaka suka iso zamanin nan ba, sai don almajirai sun yi ta juyar su da hannu suna tafiya da su gari-gari. In gara ta ci na Katsina, ana iya samun ɗan'uwansa a Agadas ko Sakkwato.

Masana kwamfuta sun taƙaita wannan a ƙa'idar 3 da 2 da 1: kwafi 3, a cikin ma'ajiya iri 2, 1 daga cikinsu a nesa. Ga ɗan kasuwa, misalinsa lissafin da ke cikin kwamfutar kanti, da wani a filash da yake kaiwa gida, da na uku a ma'ajiyar intanet ko a hannun amintacce a wani gari. Wanda ya fi natsuwa da takarda ya buga lissafin bashi kowane ƙarshen wata, ya ajiye a wuri mai tudu. Kwafin da ke kwana ɗaki ɗaya da asalinsa, ruwa ɗaya zai ci su.

Akwai sharaɗi kuma. Magabata ba su amincewa da littafin da aka juya sai an yi masa muƙabala, an karanta shi an gwada da asali. Haka nan lalle a riƙa buɗe kwafi lokaci lokaci a tabbata yana karantuwa, a kuma sabunta shi, gama kwafin bara ba ya shaidar bashin bana. Kadan hadari ya haɗo, a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a ɗaga ta daga ƙasa.

Lissafin bashi amana ce, haƙƙin mutum biyu ne a cikinsa, mai bi da wanda ake bi. In ya ɓace, gardama ce za ta maye gurbinsa, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da aikin minti 10 zai tsare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hankali tun da rani yake kwafinsa, kafin ruwan fari ya sauka.

Haza wassalam.