Ko ka sani? Talabijin mai wayo tana kai rahoton abin da kake kallo

Ko ka san cewa a watan Disambar 2025 mutane da dama masu talabijin ƙirar LG sun kunna akwatinsu sun tarar da baƙon da ba su gayyata ba? Wata alama ce ta fito a jerin manhajojin da ke fuskar talabijin, mai suna Copilot, mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira mallakar kamfanin Microsoft. Ba su saye shi ba, ba su nema ba, da suka tashi goge shi kuma suka ga babu hanya, iyaka dai su ɓoye shi. Sai da ƙorafi ya yi yawa sannan LG ya ce zai ba mutane damar cirewa. Ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. Samsung ya sa Copilot a talabijin ɗinsa na 2025, Google kuma ya fara shigar da nasa, Gemini, cikin masu aiki da tsarin Google TV a watan Satumbar 2025.

Wani zai ce wannan ai damuwar Turawa ce. To amma waɗannan sunaye, LG da Samsung da Hisense da TCL, su ne jere a shagunan kasuwar Sabon Gari da titin Beirut a Kano, su ne ake lodawa a mota tare da gado da kujeru idan za a yi jeren amarya a Wudil ko Indabo. Abin da muke kira fulasma, in dai a jikin kwalinsa an rubuta cewa mai wayo ne, to kwamfuta ce sukutum aka manna mata gilashi. Tana da tsarin da ke tafiyar da ita kamar waya: na LG sunansa webOS, na Samsung Tizen, na Hisense VIDAA. Kuma kamfanin da ya ƙera ta bai saki igiyarta ba don kawai ka biya kuɗi ka karɓi rasit. Duk ranar da ta samu intanet, yana iya ƙara mata abu ko ya rage, ba tare da ya yi sallama ba.

Shi mataimakin, a cikin akwatin ba ya da wata ƙwaƙwalwar a zo a gani. Idan ka danna maɓallin makirufo a jikin rimot ka yi magana, ana naɗar muryarka ne a tura ta manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, can za a gane abin da ka ce, a haɗa amsa, a dawo maka da ita. Tun a Fabrairun 2015 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan haka, lokacin da aka lura Samsung ya rubuta a cikin ƙa'idojinsa cewa idan mutum ya faɗi wani abu na sirri yayin amfani da umarnin murya, zancen zai shiga cikin abin da ake turawa wani kamfani na daban. Gaskiya suka faɗa, sai dai sun faɗe ta a inda ba mai karantawa.

A ganina, mataimakin ma ba shi ne babban al'amari ba, don shi aƙalla ana ganinsa. Wanda ba a gani shi ne wata fasaha da ake taƙaita sunanta da ACR, wadda aikinta gane abin da ke kan gilashi. Ba ta buƙatar kyamara, kuma ba fuskarka take dubawa ba. Lokaci zuwa lokaci takan ɗebi ɗan guntun hoto ko sauti daga abin da ake nunawa, ta mayar da shi wasu 'yan lambobi, ta aika. A can kuma akwai rumbun da aka tara irin waɗannan lambobi na fina-finai da shirye-shirye da tallace-tallace, sai a gwada a ga wanda ya dace. Kamar dai dattijon da zai ji bugun kalangu biyu kacal daga rediyon maƙwabci ya ce maka wannan Shata ne, har ya faɗi wace waƙa. Da haka ake sanin me gidan ya kalla, ƙarfe nawa, tsawon wane lokaci, da kuma daidai inda aka canza tasha.

A 2024 masu bincike daga jami'o'i uku, a Landan da Kalifoniya da Madrid, sun gwada talabijin na Samsung da na LG, suka gano cewa wannan aiki ba ya tsayawa ko da abin da ake kallo ta wayar HDMI ya shigo. Ma'ana, ko dikodar StarTimes ko ta GOtv ka jona, ko kwamfutar ɗanka ɗalibi, gilashin dai nata ne, kuma tana iya ɗiban abin da ya hau kansa matuƙar tana da hanyar aikawa.

Akwai wani tsohon labari da ya fi kusa da yadda muke kallo a nan. A Nuwambar 2013 wani masanin kwamfuta a Ingila ya bi diddigin abin da talabijin ɗinsa ta LG ke fitarwa, sai ya ga tana aika sunayen tashoshin da yake kalla, har da sunayen fayilolin da ke cikin filashin da ya soka mata, kuma ko ya kashe wurin da aka ce a kashe, ba ta dainawa. Kamfanin ya amsa, ya fitar da gyara. Duk wanda ya san yadda ake kai filash ko memori wurin masu tura fina-finai a cika shi da fassarar Indiya da shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango, ya san abin da jerin sunayen nan zai faɗa game da gida.

Me ya sa suke wannan wahala? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ribar sayar da akwatin kanta ta ragu ƙwarai, shi ya sa inci 43 ya zama abin da ma'aikaci zai iya yin adashi ya saya. Kuɗin yanzu yana wurin talla da bayanan masu kallo. Kamfanin Vizio na Amurka shi ne misalin da ya fi fitowa fili. A Fabrairun 2017 ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta zarge shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. Zuwa 2021 rahotannin kamfanin da kansa sun nuna ribar da yake samu daga talla da bayanai ta zarce ta sayar da talabijin. A 2024 kuma katafaren kantin Walmart ya saye shi a kan kusan dala biliyan 2.3, kuma ba don son gilashi ba.

To ina Indabo a cikin wannan lissafi? Abin dariyar shi ne, mafi yawan talabijin da ke garuruwanmu suna nan a halin da masana a Turai da Amurka ke ba mutanensu shawarar su koma: ba a taɓa jona su da intanet ba. Dish ne a saman kwano, dikoda a ƙasa, in an kawo wuta ko sola ta ɗauka a kalli Arewa24 ko ƙwallon Firimiya. Talabijin da ba ta da intanet ba ta da bakin kai rahoto, kuma babu ƙofar da wani sabon mataimaki zai shigo. Tsadar data ce ta yi mana wannan gadi, balle bayan Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100.

Ƙofar takan buɗe ne a rana guda, ranar da aka kwance kwali. Mai haɗa dish ya rataye ta a bango, ya kunna, rubutun Turanci ya cika gilashi shafi bayan shafi, shi kuwa babban yatsansa na kan maɓallin tsakiya yana ta dannawa don ya gama ya wuce wani gidan. A cikin abin da ya danna har da amincewar maigida da duk sharuɗɗan da ke sama. Sai wani yaro ya matso da waya a hannu: "Kawu, a kunna mata hosfot mu ga YouTube a babban gilashi?" Kawu ya ce to. Daga nan ta haddace sunan wayar da lambar sirrinta, duk sanda aka sake kunna hosfot a kusa za ta kama da kanta, ta shiga sauke sabuntawa mai cin ɗaruruwan megabait, a wayi gari ana zargin kamfanin layi da shanye data. Sabuntawar kuma in ta shiga, yawanci ba ta fita, ko an mayar da talabijin yadda ta fito daga masana'anta.

Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma dokar ta ce sai da yardar mutum ko wani halastaccen dalili za a sarrafa bayanansa. Sai dai a takarda, dannawar nan ta mai haɗa dish ita ce yardar.

Ban ce intanet a talabijin haramun ba ne. Wanda ke son ganin Labarina a babban gilashi ranar da aka sake shi yana da hujjarsa, kuma sabuntawa wani lokaci gyaran matsala take kawowa. Amma ya shiga da ido buɗe. A LG abin da za a kashe sunansa Live Plus, a Samsung kuwa Viewing Information Services, dukansu suna cikin saituna, kuma hoto ba ya raguwa da komai don an kashe su. Wanda kuwa dish da filash sun ishe shi, idan sabuwar talabijin ta nemi waifai ranar farko, ya ce wa mai haɗawa ya tsallake wurin. In an riga an jona ta, mai karatu, shiga saitin hanyar sadarwa ka goge sunan wayar, ko ka canza lambar sirrin hosfot ɗinka tun yau.