Zumunci Tsakanin Yaro da Yarinya: Yadda Zai Ɗore

A Hausa, namiji yana da aboki, mace tana da ƙawa. Amma idan aka ga ɗan shekara 15 da 'yar shekara 15 suna yawan tafiya tare, sunan da ake ba su ɗaya ne: saurayi da budurwa. Alhali a ƙauyukanmu na Malumfashi, Kafur, Bakori, Danja da Funtua, yara da yawa tare suka tashi. Aji ɗaya suke, hanya ɗaya suke bi zuwa makaranta, da kaka kuma tare suke tsinkar auduga da ɓarar masara. Da yawansu ba soyayya suke yi ba, shaƙuwa ce irin ta wa da ƙanwa.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Domin idan tsegumi ya tashi, yarinyar ce take biyan kuɗinsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, wato firamare da ƙaramar sakandare. Daidai lokacin da yarinya ta gama aji 3 ne ake fara sa mata ido. Magana ɗaya a bakin rijiya ta isa uba ya ce karatun ya isa haka, a nemi miji. Yaron kuwa ya ci gaba da zuwa makaranta abinsa.

Zumuncin da zai ɗore shi ne wanda ba a ɓoye shi ba. Ga abubuwa huɗu da ke taimakawa.

Na farko, gidajen biyu su sani. Yaron ya shiga ya durƙusa ya gai da iyayenta, ita ma ta san mahaifiyarsa. Wanda aka sani a tsakar gida ba a zarginsa a ƙofar gida.

Na biyu, a lura da lokaci da wuri. A al'adarmu, tsayuwa da yarinya a ƙofar gida bayan faɗuwar rana zance ne, ko me suke faɗa. Haka ma hira ta waya da tsakar dare. Su haɗu da rana, a inda mutane suke.

Na uku, a yi hankali da kyauta. Kuɗi, sabulu ko katin waya daga hannun namiji, toshi mutane za su kira shi, kuma yakan zama bashi a kan yarinya. Aron littafi da tsoffin takardun jarrabawar WAEC ko NECO ya fi.

Na huɗu, zumuncin ya kasance da aikin yi, kuma da wasu a ciki. Yara huɗu ko biyar masu bitar lissafi a gindin bishiya ba su ba mai gulma abin faɗa ba.

Idan zuciyar ɗayansu ta canja, ya faɗa a fili, ɗayan kuma yana da ikon cewa a'a ba tare da an yi gaba ba. Yaron da yake aboki na gaskiya ba zai yi alfahari da sunanta a majalisar samari ba.

Iyaye, kafin mu ɗauki bulala, mu fara tambaya. Hani da tsawa ba sa raba yara, ɓuya kawai suke koya musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ya koyi ganin mutuncin 'yar ajinsu yau, shi ne zai ga mutuncin matarsa gobe, ya kuma bar 'yarsa ta gama makaranta.