TARIHIN GWAMNATIN MACMILLAN TA INGILA, 1957 ZUWA 1963

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malamansu, su karanta, su kuma bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke ciki. Labari ne na wata Gwamnati ta Ingila wadda ta riƙe mulki shekara shida da wata tara. A zamaninta ne Jihar Arewa ta sami mulkin kai, a zamaninta kuma Nijeriya ta sami 'yanci. Ya kamata duk wanda ke riƙe da jama'a ya san mutanen da aka yi wannan shawara da su, da abin da ya sa suka yarda, da yadda ƙarshen mulkinsu ya kasance.

Yadda Ake Mulki a Ingila

A Ingila Sarki ko Sarauniya ke bisa gadon sarauta, amma ministoci ke gudanar da mulki. Majalisa biyu ce. Akwai Majalisar Wakilai, wadda jama'a ke zaɓa, tana da kujera 630 a zamanin da muke magana. Akwai kuma Majalisar Dattawa, wadda a lokacin yawancin mutanenta gadon kujerunsu suka yi. Jam'iyyar da ta fi yawan wakilai ita ke kafa Gwamnati, shugabanta ya zama Firayim Minista. Ran da wakilai suka juya masa baya kuwa, ran nan mulkinsa ya ƙare.

Manyan jam'iyyu biyu ne. Ta ɗaya Konsabatif, watau 'yan mazan jiya, masu son a riƙe abin da aka gada, a kiyaye dukiyar kowa, in za a sake wani abu a sake shi sannu a hankali. Ta biyu Leba, wadda ƙarfinta ke wajen ƙungiyoyin ma'aikata. A lokacin akwai ta uku ƙarama, ana ce da ita Libaral.

Asalin Macmillan

An haifi Harold Macmillan a London cikin 1894. Gidansu gidan masu buga littattafai ne, amma kakansa ɗan wani talaka manomi ne daga tsibirin Arran na ƙasar Sikotlan. Ya yi Yaƙin Duniya na Farko, aka yi masa mummunan rauni a Faransa cikin 1916. Cikin 1924 aka zaɓe shi wakilin Stockton, garin masana'antu da ke arewacin Ingila, inda ya ga yadda rashin aiki ke wulakanta magidanta. Abin da ya gani can ya zauna masa a zuciya, har ya fi yawancin 'yan jam'iyyarsa yarda Gwamnati ta kashe kuɗi don kada mutane su rasa aikin yi.

Da Konsabatif suka koma mulki cikin 1951, Winston Churchill ya ba shi aikin gina gidaje. Jam'iyyar ta yi alkawarin gida 300,000 kowace shekara, mutane da yawa suna cewa ba zai yiwu ba. Cikin 1953 aka cika wannan adadi. Daga nan ya riƙe ma'aikatar tsaro, da ta harkokin waje, kana ya zama Ministan Kuɗi a ƙarshen 1955.

Yadda Ya Hau

Ran 26 ga Yuli 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir na Masar ya karɓe mashigin ruwa na Suwez daga hannun kamfanin da Ingila da Faransa ke da shi. Firayim Minista Anthony Eden ya haɗa baki da Faransa da Isra'ila, aka kai wa Masar yaƙi. Amurka ta ƙi goyon baya, ta kuma hana Ingila rance, darajar fam ta soma zubewa. Macmillan yana cikin waɗanda suka fi zuga a yi yaƙin, shi ne kuma ya gaya wa 'yan'uwansa ministoci baitulmali ba za ta iya ɗauka ba. Aka tsai da wuta ran 6 ga Nuwamba, sojoji suka janye. Eden, ga kunya ga rashin lafiya, ya yi murabus ran 9 ga Janairu 1957.

A wancan zamani Konsabatif ba su jefa ƙuri'a don zaɓen shugaba. Dattawan jam'iyya ke shawara, kusan kamar yadda masu zaɓen sarki ke yi. Jaridu sun zaci R. A. Butler za a ba. Amma da Lord Salisbury da Lord Kilmuir suka kira ministoci ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar mafi yawa Macmillan suke so. Sarauniya Elizabeth ta ji shawarar Churchill kuma, ta naɗa Macmillan ran 10 ga Janairu. Shi da kansa ya gaya mata ba ya iya lamunin Gwamnatin za ta wuce mako shida.

Ayyukan Cikin Gida

Abin da ya fara yi shi ne gyara tsakaninsa da Amurka. Cikin Maris 1957 ya sadu da Shugaba Eisenhower a tsibirin Bamuda, da ma sun saba tun suna Afirka ta Arewa a Yaƙi na Biyu. A shekarar kuma aka yanke shawara a daina ɗaukar samari aikin soja dole, a dogara ga bom na nukiliya. Ku riƙe wannan, gama zai sake fitowa a gaba.

A cikin gida kasuwa ta buɗe, albashi ya ƙaru, ma'aikata suka soma sayen motoci da talabijin. Amma farashin kaya ya yi ta hauhawa. Ministan Kuɗi, Peter Thorneycroft, ya nemi a rage abin da Gwamnati ke kashewa. Macmillan ya tuna Stockton, ya ƙi. Cikin Janairu 1958 Thorneycroft da mataimakansa biyu suka ajiye aiki rana ɗaya. Macmillan bai nuna damuwa ba, ya kama hanyar rangadin Indiya da Ostareliya kamar yadda aka shirya. A shekarar nan aka yi dokar da ta ba da damar naɗa mutum Majalisar Dattawa iyakar ransa, ba tare da ɗansa ya gaje shi ba, ta wannan hanya ce mata suka fara shiga majalisar.

Aka yi babban zaɓe ran 8 ga Oktoba 1959. Konsabatif ta sami kujera 365, Leba ta Hugh Gaitskell 258, Libaral 6. Watau Gwamnati ta fi sauran duka da kujera 100.

Ƙasashen da ke Ƙarƙashin Ingila

Tun 1957 Macmillan ya umurci ma'aikata su yi masa lissafin riba da hasarar da ke cikin riƙon kowace ƙasa. Lissafin ya nuna ba dukiyar Ingila za ta rushe ba in an sake su. Ghana ta sami 'yanci ran 6 ga Maris 1957, Malaya cikin Agusta, amma waɗannan tun kafin ya hau aka shirya su.

Game da Nijeriya, an yi taron tsarin mulki a London cikin 1957 da 1958, Alan Lennox-Boyd, Ministan ƙasashen mallaka, ke shugabanta. Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello ya jagoranci wakilan Arewa. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kai cikin Agusta 1957, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Tarayya a shekarar. Aka naɗa kwamitin Willink ya binciki koken ƙananan ƙabilu. Kwamitin bai ba da shawarar ƙara jihohi ba, ya ce a rubuta haƙƙin kowane mutum cikin tsarin mulki. A taron 1958 Ingila ta yarda da ran 1 ga Oktoba 1960, in sabuwar Majalisar Tarayya ta nema. Arewa ta karɓi mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, aka yi zaɓen Tarayya cikin Disamba, Majalisa ta nemi 'yanci cikin Janairu 1960. Ranar da aka sa kuwa, Gimbiya Alexandra ta wakilci Sarauniya a Ikko, aka miƙa mulki. Cikin Fabrairu 1961 mutanen Kamaru ta Arewa suka zaɓi shiga Nijeriya, ran 1 ga Yuni suka shigo, aka kira ƙasarsu Lardin Sardauna.

A Afirka ta Gabas da ta Tsakiya al'amari ya fi wuya, domin can akwai Turawa mazauna masu gonaki, waɗanda ke da dangi da abokai cikin jam'iyyar Konsabatif. Cikin Maris 1959 masu gadi suka doki fursunoni 11 har suka mutu a sansanin Hola na ƙasar Kenya, aka fara cewa ruwa suka sha. Gaskiya ta fito, Majalisa ta ɗauki zafi, har wasu 'yan Konsabatif suka soki Gwamnatinsu. A watan nan kuma aka yi kame a Nyasaland, alƙalin da aka aika bincike, Devlin, ya zargi hukumar ƙasar. Bayan zaɓe Macmillan ya naɗa Iain Macleod a madadin Lennox-Boyd, shi kuwa ya gaggauta.

Dalilan gaggawar huɗu ne. Sojan da za a danne jama'a da shi ya ragu, tun da an bar ɗaukar dole. Faransa ta zuba dukiya da rayuka a Aljeriya ba ta ci nasara ba, ga shi cikin 1960 ta saki Nijar da Cadi da sauran ƙasashenta. Ana tsoron in an jinkirta sababbin shugabanni za su karkata wajen Rasha. Mafi girma duka, 'yan ƙasa sun kafa jam'iyyu, sun ci zaɓe, ba su kuma yarda da jira.

Farkon 1960 Macmillan ya yi rangadin Ghana, da Nijeriya, da Rodeshiya, da Afirka ta Kudu. Ran 3 ga Fabrairu ya tsaya gaban majalisar Turawa a Cape Town, ya ce iskar sauyi na kaɗawa a Afirka, so ko ƙi dole a yi lissafi da ita, Ingila kuma ba za ta goyi bayan wariyar launin fata ba. Ran 21 ga Maris 'yan sanda suka harbe baƙar fata 69 a Sharpeville. A taron ƙasashen renon Ingila na 1961, Sir Abubakar na cikin waɗanda suka ƙi amincewa da wariya, Afirka ta Kudu ta fita daga ƙungiyar cikin Mayu. Saliyo da Tanganyika suka sami 'yanci cikin 1961, Jamaika da Yuganda cikin 1962.

Turai da Amurka

Da ya ga daula na watsewa, sai Macmillan ya nemi wa Ingila wata madogara. Cikin 1961 ya nemi shiga Kasuwar Tarayyar Turai, mai ƙasa shida a lokacin. Cikin Disamba 1962 ya shawo kan Shugaba Kennedy a Nassau ya sayar wa Ingila makaman Polaris na jirgin ƙarƙashin teku. Shugaba de Gaulle na Faransa ya ɗauki wannan shaida ce Ingila ta fi kusa da Amurka, ran 14 ga Janairu 1963 ya rufe mata ƙofa. Sai 1973 ta shiga, ta kuma fita cikin 2020. Abin da ya samu a wannan fage shi ne yarjejeniyar da Ingila da Amurka da Rasha suka sa wa hannu a Mosko ran 5 ga Agusta 1963, ta hana gwada bom na nukiliya a sararin sama da cikin ruwa.

Gangarowa

Cikin 1961 kuɗi ya yi wuya, Gwamnati ta tsai da ƙarin albashin ma'aikatanta, malaman makaranta da masu jiyya suka fusata. Cikin Maris 1962 Libaral ta ƙwace kujerar Orpington, wadda Konsabatif ke gani tamkar gado. Macmillan ya firgita, ran 13 ga Yuli ya sallami manyan ministoci bakwai, watau sulusin majalisar ministocinsa, har da amininsa Selwyn Lloyd, Ministan Kuɗi. Jama'a suka ga mutumin da suka sani da natsuwa ya rikice, waɗanda suka rage kuma kowa ya soma tsoron ransa.

Sa'an nan maganar John Profumo, Ministan Yaƙi, ta taso. Ya yi hulɗa da wata budurwa wadda ke kuma hulɗa da wani jami'in ofishin jakadancin Rasha. Ran 22 ga Maris 1963 ya tashi cikin Majalisa ya musa, Macmillan ya gaskata shi bai tsananta bincike ba. Cikin Yuni Profumo ya amsa ƙarya ya yi, ya ajiye aiki. Ba a sami shaidar asirin ƙasa ya fita ba. Abin da ya girgiza Gwamnati shi ne an yi wa Majalisa ƙarya, shugaba kuma bai san abin da ke faruwa a gidansa ba. Da aka yi muhawara, wakilan Konsabatif 27 suka ƙi jefa masa ƙuri'a.

Cikin Oktoba ciwo ya kwantar da shi, aka yi masa aiki a asibiti. Ran 18 ga wata ya yi murabus, Sarauniya ta je har gadon asibiti, ya ba ta shawarar ta kira Lord Home. Butler ya sake rasawa, Macleod da Enoch Powell suka ƙi aiki da sabon shugaban, suna ganin 'yan tsiraru ne suka ƙulla abin. Cikin Oktoba 1964 Leba ta Harold Wilson ta ci zaɓe da rinjayen kujera 4, mulkin Konsabatif na shekara 13 ya ƙare. Cikin 1965 jam'iyyar ta koma zaɓen shugabanta da ƙuri'ar wakilai. Macmillan ya yi tsawon rai, aka ba shi sarautar Stockton cikin 1984, ya rasu ran 29 ga Disamba 1986 yana da shekara 92.

Abin Lura

In kun tara jama'a don bayyana wannan labari, ku ja hankalinsu ga abu uku. Na farko, jam'iyyar da aka sani da riƙon gado ita ce ta saki mafi yawan ƙasashen Ingila na Afirka, domin shugabanta ya yi lissafi ya ga riƙon ya fi ƙarfinsa. Na biyu, wadatar da ta ba shi rinjayen kujera 100 ba ta kai shekara uku ba ta juya, waɗanda suka yaba suka koma zargi. Na uku, a Hola da wajen Profumo, rahoton ƙarya daga na ƙasa ya jawo wa na sama abin da ya fi laifin farko muni. Malamin da ke rubuta rahoto da hakimin da ke sa masa hannu, dukansu wannan ya shafe su.