Motar da ke lotsewa ta fi ceton rai

A tashar mota ko garejin makanikai, ba wuya ka ji ana yabon tsohuwar Fijo 504, wai wannan ƙarfe ce, motocin yanzu kuwa gwangwani ne, da an taɓa su sun lotse. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin lotsewar da ake kushewa ita ce ke tsare ran mutanen da ke cikin motar.

Masana fiziks sun kasa karo gida biyu. Na farko shi ne karo mai tsalle, irin na teburin sinuka. Idan farar ƙwallo ta daki wata tsaf a tsakiya, takan tsaya cak, ɗayar ta kwashe kusan duk gudun ta wuce. Makamashin motsi bai salwanta ba, hannu kawai ya sauya. Na biyu shi ne karo mai lotsewa: ka jefa curin laka a bango, ba ya dawowa, mannewa yake yi. Makamashin ya ƙare a ƙara da zafi da sauya siffar lakar.

Abu guda ne ba ya raguwa a kowane irin karo, wato nauyi sau gudu, in aka haɗa na ɓangarorin biyu. Tun a 1668 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta nemi a warware batun karo, John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens suka kawo amsa.

Ga lissafin. Mota mai gudun kilomita 60 a awa ta daki wata mai nauyi ɗaya da ita da ke tsaye, suka sarƙe. Tare za su ci gaba da gudun 30, amma rabin makamashin ya fita daga motsi. Ina ya nufa? Dole wani abu ya shanye shi, ko ƙarfen motar ko ƙashin mutum. Kuma in gudu ya ninka biyu, makamashin ninki huɗu yake yi, abin da direbobi da yawa ba su sani ba.

Wannan batu na shanye makamashi ne injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, ya gane. Ya tsara mota mai gaba da baya masu lotsewa, tsakiyarta kuma mai tauri, aka fara sayar da irinta a 1959. Yayin da gaban ke murƙushewa, tsayawar na ɗan ƙara tsawo, kuma duk da ƙarin bai kai ƙiftawar ido ba, yana rage ƙarfin bugun da jiki zai sha. Da motar za ta yi tsalle ta koma baya, da bugun ya fi haka muni.

A shekarar dai Volvo ta fito da bel mai kama kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro. Wanda bai ɗaura shi ba, motar za ta tsaya amma shi yana kan gudun da take yi kafin karon, har sai ƙirjinsa ya haɗu da sitiyari.